Muryar da Na Bayar Aro

Yanzu in na zauna a tsakar gida da hantsi, ba na jin gari. Ina jin janareto, ina jin babur mai ƙafa uku yana kutsawa cikin lungun da a da ko jaki da kaya sai ya yi dabara, ina jin wayoyi kowacce da irin nata kukan, amma birnin da na sani ya yi shiru. A ƙuruciyata ko ido aka ɗaure wa mutum aka ajiye shi a cikin ganuwa, kunnensa zai gaya masa unguwar da yake. Akwai inda masu bugu ke dukan baƙin yadi a kan gungume, sautin ya bi ta ƙasa har ya taɓa maka ƙirji. Akwai Soron Ɗinki, inda maɗinka ke jan zare suna gunguni da waƙen bege. Mu kuwa a Mandawari, inda aka kai ni aure, karatu ne ke tashin mu bayan asuba, lugude ya biyo baya, taɓarya uku a turmi ɗaya, kowacce ta san lokacin faɗawarta. A lokacin waƙa tana zama inda aka yi ta. In an yi ta a tsakar gida, a tsakar gida take kwana. Ni ce na fara ganin ranar da ta koyi fita, kuma ni na buɗe mata ƙofa.

Allah bai ba ni murya ba. In na ɗaga waƙa ko kaji watsewa suke yi. Kunne ya ba ni, na kuwa yi taƙama da shi fiye da yadda wasu ke taƙama da gwal. In za a yi biki ko suna a unguwa, ni ake aiko wa a tambaya wa za a kira ta yi wa mata kiɗan ƙwarya. Ba na ambaton manyan da kowa ya sani, wannan ai ko kurma ya iya. Nawa tono ne. Sai in zauna a gefe a taro, in bar ta gaba tana ta ƙoƙarinta, in kasa kunne ga masu amshi na baya, in tsinto guda ɗaya in ce, “Waccan mai koren ɗankwalin, a ba ta gaba a bikin wance.” Kafin shekara ta zagayo sai ka ji ana rububinta har wajen gari. In aka yabe ta, ni nake kumbura. Surukata, da muke kira Inna, tana kaɗinta tana kallona ta wutsiyar ido, takan ce, “Kunnenki mai kyau ne, yarinya, bakinki ne ba shi da murfi. Magana zarar bunu ce.” In ce to, Inna, in bar ta da mazarinta. A ganina a lokacin, tsufa ne kawai ke sa mutum tsoron abin da bai zo ba.

Gidan da ke jikin namu na wasu Barebari ne da suka daɗe a birni, malamai kaka da kakanni. Maigidan da hannu yake rubuta Alƙur'ani, mutum ne mai sanyi, ko tafiya yake kamar yana tsoron taka tururuwa. Matarsa 'yar uwarsa ce, daga Barno aka kawo ta, kusan sa'ata. Ba zan faɗi sunanta ba. Sau ɗaya na taɓa faɗa inda bai kamata ba, ya isa. Tsakanin gidajen biyu akwai wata 'yar ƙofa a katanga, sai an sunkuya ake wucewa, irin wadda mata ke bi ba sai sun fita waje ba. Ta nan garwashi ke wucewa da safe, ta nan rariya da gishiri da labari. Ta nan kuma na fara jin ta. In maza sun fita, ta tsaya daka ita kaɗai, sai ta riƙa waƙa ƙasa-ƙasa, taɓarya na riƙe mata kiɗa. Ba waƙar kowa ba ce, tata ce, ita ta ƙirƙira, Hausa da ɗan Barbarci a ciki. Mahaifiyarta ta rasu a can gida, labari bai iso ba sai bayan an yi arba'in, to da ita take magana:

Iya, ruwan Kano da daɗi,
bai wanke mini kewa ba.
Na daka gero ya yi gari,
zuciya ta ƙi dakuwa.

Ranar farko da na ji, tsintsiya ce a hannuna, ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Duk tonon da na yi a bukukuwa, ban taɓa tono irin wannan ba, ga ta kuma a bayan katangata. Na leƙa ta 'yar ƙofar na ce, “Ke 'yar Barno, ashe haka kike kika ɓoye?” Ta saki taɓarya ta rufe baki da gefen zane. “Don Allah ki rufa mini asiri,” ta ce. “Ni matar malam ce. Wannan tsakanina da Iya ne.”

A zamanin nan wanda bai iya rubutu ba da kaset yake aika wasiƙa. Ina da yaya a Makka, aure ya zaunar da ita can, duk shekara in alhazai za su tashi sai mu yi mata kaset. A sayo sabon batir, a shimfiɗa tabarma, a ajiye rediyo a tsakiya kamar baƙo, maigida ya danna maɓallai biyu tare, kowa ya matso ya gaishe ta. Abin yana da ƙa'ida. Tunda ba ta ganin fuska, duk wanda ya yi magana sai an faɗi ko wane ne. In yaro ne ko mai kunya, babba ya ce, wannan da kika ji wane ne, ɗan wane. A shekarar muka gama gaisuwa, aka faɗi wanda ya mutu da wadda ta haihu, bayan kaset ɗin kuma ya rage fanko. Washegari da maza suka fita na ɗauki rediyon na sunkuya ta ƙofar katanga. Sau uku ina roƙo tana ƙi. Na ce yayata ma a baƙon gari take, ita ma uwarmu ta rasu ba ta nan, wannan waƙar tata ce. Da wannan na karya ta. Ta ce, “To, yayarki kaɗai. Makka da nisa, ba wanda ya san ni a can. Kin yi alkawari?” Na ce na yi. Ta zuba gero a turmi, na danna, ta yi waƙar tun daga fari har ƙarshe. Da ta gama ta shiga ɗaki share ido, ni kuwa na matso da bakina jikin rediyon na cika ƙa'ida, har na ƙara da nawa. Na ce, “Yaya, wannan da kika ji wance ce, matar Malam wane mai rubutu, gidan da ke jikin namu a Mandawari. Ni na gano ta.”

Alhajin da zai tafi da saƙon sai aka ɗaga musu tashi, kaset ya zauna a cikin kwallata. A tsakanin nan aka yi suna a Soron Ɗinki, gidan wata babbar Hajiya, ƙawar Inna. Bayan an ci an sha, mata suka kama gardama a kan wa ta fi murya a birni. Kowa na kawo tata, ana ta ambaton sunayen da ni na fito da su, ba mai tunawa da ni. Abin ya ci ni. Na ce, “Duk waɗannan 'yan amshi ne. Ni ina da wadda ba ku taɓa ji ba.” Aka ce ƙarya. Na koma gida da ƙafata, da rana tsaka, na ɗauko. A uwar ɗakin Hajiya aka sa, na ce a rufe ƙofa, wai ni mai riƙon amana. Ɗakin ya yi tsit. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Na so in kashe kafin maganata ta fito, amma daɗin kallon fuskokinsu ya shagaltar da ni, har muryata ta faɗi suna da gida, kowa ya ji. Da za mu watse Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, “'Yar nan, ara mini shi na kwana ɗaya.” Wanda bai zauna a birni ba ba zai gane ba. Mu a wajenmu ba a hana aro. Turmi, tukunya, zanen fita, har gadon haihuwa, in babba ta ce ara mini, cewa a'a daidai yake da zagi. Na miƙa mata da hannu biyu. Washegari aka dawo mini da shi da goro a ƙunshe, na ce alhamdu lillahi, kaya sun dawo gida. Ban san ɗan Hajiyar yana da rediyo mai baki biyu ba, wanda ke kwafe kaset a cikin wani, ban kuma san abokinsa na da shagon kaset a kasuwa ba.

Alhazai suka tafi, damina ta sauka, na manta. Wata safiya ɗan garuwa ya shigo zuba mana ruwa a randa, yana fita sai na ji yana yin fito da baki. Karin waƙar ne. Na ce wa kaina ai ta katanga ya jiyo. Bayan kwana kaɗan za mu gaisuwar mutuwa, muka wuce ta gaban wani shagon ɗinki, sai ga muryarta a fili, da sautin taɓaryarta, samari na zaune a benci suna kaɗa ƙafa. Inna tana gabana. Ba ta tsaya ba, ba ta waiwayo ba, ta dai ce, “Kin ji bunun da kika zara?” Abin da na yi bayan nan shi ya fi ci mini rai har yau. Ban gaya mata ba. Kullum da safe ta sunkuyo ta ƙofar katanga da kaskonta ta ɗebi wuta, ta tsokane ni a kan tuwona, mu yi dariya, ta koma. Kullum in ce gobe zan faɗa. Ina jin ta tana dakanta tana waƙarta a ɓoye, alhali rabin kasuwa sun haddace ta.

Mai shagon kaset ɗin da kansa ya kawo ƙarshen abin, kuma ba da mugunta ya zo ba, neman alheri ya zo yi a ganinsa. Ya bi kwatancen da na yi ya iso soron Malam bayan la'asar, lokacin da manyan ɗalibai ke ɗaukar karatu, ga baƙi daga wani gari sun zo karɓar rubutu. Ya gaisa, ya ce ya zo neman izini a ɗauki sauran waƙoƙin Malama, mutane na tambaya. Malam ya ce wace Malama, wace waƙa? Sai mutumin ya ajiye rediyo a kan buzu ya danna. Maigidana yana wajen. Ya ce Malam bai ɗago kai ba har aka gama, har muryata ta faɗi sunan matarsa a gaban maza, alƙalamin kara yana hannunsa, tawada na ɗiga a kan takardar da ya yi kwanaki yana rubutawa. Da aka gama Malam ya ce, “Allah ya shirya. A tashi karatu.”

Na jira ihu daga gidan, ban ji ba. Na jira a ce ta tafi Barno, ba ta tafi ba. Malam bai doke ta ba, bai sake ta ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya dai yi wata biyu bai zauna a soro ba, ɗalibansa wasu suka koma wani wajen, in ya fita masallaci yara na bin bayansa da karin waƙar. Kwana uku bayan zuwan mai shago ta sunkuyo ta ƙofar katanga, ba kasko a hannunta. Ta tsaya, ba ta zauna ba.

“Makka kika ce mini,” ta ce.

Na fara rantse-rantse, na ce aro aka yi, na ce Hajiya ce, na ce ai waƙar ba ta da aibu, kowa yabo yake.

“Ni ban ce tana da aibu ba. Na ce miki tsakanina da Iya ne. Yanzu in na buɗe baki zan kira ta, samarin benci nake gani.” Ta kalle ni, idonta a bushe. “Na dafa abin da Malam ke rubutawa na rantse, ba zan ƙara ba. Ba shi ya sa ni ba. Na zo ki ji daga bakina, tunda ke mai kunne ce.”

Washegari magini ya zo. Ita ta sa a kira shi. Ina zaune ina jin yana jefa curin laka a 'yar ƙofar, ɗaya bayan ɗaya, har hasken da ke shigowa ta nan ya ɗauke. Daga ranar in ta yi daka, daka kawai nake ji. Shekara biyu na yi ina sauraron wannan taɓaryar ba waƙa, har Allah ya sa muka tashi muka koma Ƙofar Ruwa. Ban sake cewa a kira wance a biki ba. In an aiko tambaya sai in ce kunnena ya toshe. Muna haɗuwa da ita a gidan mutuwa, mu gaisa kamar yadda ake gaisawa, ina gajiya, ya ƙarin haƙuri, kowa ta kama gabanta. Na ɗauka kaset yana tsufa kamar mutum, zarensa ya tsinke, a zubar da shi a bola. Rediyoyin suka mutu, shagunan suka koma sayar da waya, Malam ya rasu, maigidana ya rasu, na ce ƙasa ta rufe maganar.

Ina da jika mace da ta gado kunnena, Allah ya kyauta. Tana da shafi a waya inda duk mako take zaɓo mawaƙan da ba a sani ba, yaran da ke ɗaukar waƙa a ɗakunansu ba ubangida ba kowa, ta ce wa mabiyanta ku saurari wannan. Har daga wasu ƙasashe ake bin ta. Takan zo ta zauna a gefen gadona ta sa mini, in ce wannan hancinsa yake waƙa da shi, wannan kuwa a ba ta shekara biyu. Muna shiri sosai a kan haka, ko da yake ina gaya mata zamaninsu ba a tono, shara ake yi, kowa ya zubo nasa a titi. Ranar Litinin ɗin nan ta shigo ko sallama ba ta gama ba.

“Hajiya Kaka, yau na kawo miki wadda za ta kashe bakinki. Wallahi ta haɗu. Wani mutum ne ke sayen tsofaffin kaset na shagunan da suka rufe, yana sa su a waya. Ba wanda ya san ko wace ce. Ni na ɗora ta a shafina na ce a saurara, yanzu ko'ina ita ake yi.”

Ta danna. Kafin murya ta fito na gane taɓaryar. Waƙar ta zo tsakiya, wajen zuciya ta ƙi dakuwa, sai ta yanke.

“Zaren ne ya tsinke a nan,” in ji ta. “Ya ce yana gyarawa, ranar Juma'a bayan masallaci zai sa sauran. Wai a ƙarshe akwai wata mata da ta yi bayani, ƙila a ji sunanta. Mutane har sun ce in tana da rai sai an nemo ta an yi hira da ita. Kaka, lafiya? Ko kin san ta?”

Na gaya mata komai, abin da ban taɓa gaya wa uwarta ba. Yarinyar ta yi kuka, ta goge abin daga shafinta a gabana, ta nemi mutumin a waya ta roƙe shi. Ya ce shi ba ya ƙin ji, amma kwali guda ya saya, irin kaset ɗin sun kai biyar a ciki, ya riga ya rabar wa abokan sana'arsa, in bai sa ba wani zai sa. Ta dube ni ta ce, “Kaka, an riga an tura shi ko'ina. Gogewata ba ta hana komai.” Na ce na sani, na riga ki sani da shekaru masu yawa.

Mutuniyar tana nan da ranta a Mandawari, a gidan nan dai. Babban ɗanta ke jan salla a masallacin unguwa, 'ya'yanta mata biyu malaman Islamiyya ne, kuma duk bayan abin aka haife su. Waɗanda suka san labarin tun wancan lokacin sun mutu, saura ni da ita. Wancan karon na bar ta tana ɗibar wuta a gidana ban faɗa mata ba. Na ce wannan karon ko da rarrafe sai na riga waya isa. Ranar Laraba na yafa mayafi, jikata ta riƙe ni, muka shiga babur mai ƙafa uku har bakin lungun. Tsohon gidanmu an rushe an yi bene, amma katangar tsakani tana nan, har yanzu ana gane shacin inda aka toshe.

Na same ta a kan dadduma a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini ruwa, ta sallami yaran. Na buɗe baki ke nan sai na ji waƙar daga ɗakin jikokinta, ƙasa-ƙasa a waya: Iya, ruwan Kano da daɗi. Na ajiye ruwan.

“Ba sai kin faɗa ba,” ta ce. “Tun shekaranjiya suke sa mini. Suna cewa, Iya, ke da kike 'yar Barno, ko kin san mai wannan muryar?”

“Me kika ce musu?”

“Na ce na san ta. Na ce ta daɗe da mutuwa.” Ta ja carbi ɗaya, biyu. “Ban yi ƙarya ba.”

Na ce ta yafe mini. Na ce ranar Juma'a za a sa sauran, na zo ne ta shirya, ko ta kira 'ya'yanta ta gaya musu da bakinta kafin su ji a titi. Ta ɗago ta dube ni da idon nan busasshe, wanda na sani tun muna da ƙuruciya.

“Na san da Juma'ar, yaran suna ta ƙirga kwana. Ni tawa muryar na binne ta da hannuna, ta kwanta. Taki ce ta ƙi kwanciya.” Ta mayar da ido kan carbinta. “Ki dawo jibi bayan an sauko daga masallaci. Ɗana zai shigo cin abinci, yara za su kunna. Ki zauna nan kusa da ni, ki ji kanki kina cewa ke kika gano ni.”

Na ce zan zo. Yau Alhamis, na wanke mayafina na shanya.